A Cikin Jiki da Wajensa: Tarihin Muhawarar Kiristoci kan Kasancewar Allah a Ko'ina da Zamansa Mutum

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana ci wa malaman tauhidin Kirista tuwo a ƙwarya: idan Allah yana ko'ina, kuma babu wurin da ya isa ya ƙunshe shi, mene ne ma'anar cewa ya zama mutum a wuri guda da zamani guda? An duba amsar da malaman ƙarnukan farko suka bayar, sannan aka nuna yadda saɓani kan Jibin Ubangiji a ƙarni na 16 ya raba mabiya Martin Luther da mabiya Zwingli da Calvin a kan wannan amsa. Maƙalar ta tabbatar da cewa ra'ayin da aka laƙaba wa sunan Calvin a shekarun 1620 ya girmi Calvin da fiye da shekara dubu, kuma abokan hamayya ne suka raɗa sunan a tsakiyar wani rikici na cikin gidansu. An kuma bayyana rawar da dokar ƙasa ta taka wajen mayar da mas'alar ilimi ta zama sanadin kora daga aiki da ɗauri da kisa.

Muhimman kalmomi: tauhidin Kirista, kasancewa a ko'ina, zama mutum, Jibin Ubangiji, Luther, Calvin

1.0 Gabatarwa

Addinin Kirista ya gaji imanin cewa Allah ya cika sama da ƙasa daga littattafan Yahudawa, inda Zabura ta 139 da sura ta 23 ta Littafin Irmiya suka yi fice a kan wannan batu. Ya kuma kafu a kan wani imani na biyu da Linjilar Yohanna ta buɗe da shi, wato Kalman Allah madawwami ya ɗauki jiki, aka haife shi, ya rayu a ƙasar Falasɗinu a ƙarƙashin mulkin Rumawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan biyu yana da sauƙin furtawa shi kaɗai, haɗa su ne ke da wuya. Shin lokacin da Yesu yake jariri, Kalman ya bar riƙon duniya ne? Idan bai bari ba, ke nan akwai wani sashe nasa da bai shiga jiki ba? Idan kuwa babu irin wannan sashe, shin jikin ma ya zama yana ko'ina?

A cikin wannan maƙala an bi al'adar Littafi Mai Tsarki na Hausa wajen ɗaukar "Kalma" a matsayin namiji idan ana nufin Almasihu. An yi amfani da "ɗabi'a" wajen nuni ga allahntaka ko mutuntakarsa. Manufar nazarin ita ce bayyana tarihin muhawarar kamar yadda masu ita suka fahimce ta, ba yanke hukunci kan gaskiyar aƙidar ba.

2.0 Amsar Magabata

Waɗanda ba Kiristoci ba ne suka fara jefa tambayar. Wajen shekarar 178 wani masanin falsafa mai suna Selsus ya rubuta littafin sukar Kiristanci, inda ya ce idan har Allah ya sauko wurin mutane, to ya bar kursiyinsa ke nan. Orijin na Iskandariya ya mayar masa da martani wajen shekarar 248. Ya ce maganar saukowa ba tana nufin tashi daga wani wuri zuwa wani ba, domin wanda ya cika kome ba ya barin gurbi a bayansa.

Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328 kuma ya rasu a 373, shi ne ya tsara amsar a siffar da ta wanzu. A babi na 17 na littafinsa kan zaman Kalma mutum, ya bayyana cewa jiki bai tsare Kalman ba. Yana cikin jikin yana rayar da shi, a lokaci guda kuma yana riƙe da dukan halitta yana tafiyar da ita. A ganinsa Kalman ne ya ƙunshi jikin, kamar yadda ya ƙunshi sauran abubuwa, amma babu abin da ya ƙunshe shi.

A Arewacin Afirka, Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya ci karo da tambayar sau biyu a rubuce. Wajen 412 wani babban ɗan sarautar Rum mai suna Volusianus, wanda bai karɓi Kiristanci ba a lokacin, ya aiko masa da abin da ya ji ana tattaunawa a zauren masu ilimi na Kartaj: ta yaya mai mulkin duniya zai shige cikin mahaifar budurwa, kuma wa ke kula da sammai a tsawon wannan lokaci? A wasiƙarsa ta 137 Agustin ya ce kuskuren yana cikin ɗaukar Allah kamar iska ko ruwa, abin da ake iya rabawa, rabi nan rabi can. Allah yana ko'ina ne gaba ɗayansa. Ya buga misali da maganar ɗan Adam: mutum ɗaya ya furta kalma, jama'a da yawa su ji ta, kowa ya ji ta cikakkiya, babu wanda ya rage wa wani rabonsa. A 417 kuma ya rubuta wa Dardanus wasiƙa ta 187, wadda daga baya aka san ta da littafi kan kasancewar Allah. A nan ya ƙara wani abu da zai zama makami bayan shekaru dubu da ɗari: Almasihu yana ko'ina ta fuskar allahntakarsa, amma jikinsa, da yake jiki ne na gaske, yana wani wuri a sama.

Majalisar Afisa ta 431 da ta Kalsidon ta 451 sun raba ikilisiya a kan yadda ɗabi'un biyu suka haɗu. Kalsidon ta zartar cewa Almasihu guda ne mai ɗabi'u biyu, waɗanda ba su cuɗe ba kuma ba su rabu ba, kowacce ta riƙe siffofinta. Kibɗawan Masar da ikilisiyoyin Habasha da Armeniya da wani sashe na Siriya sun ƙi wannan lafazi. Abin lura shi ne, duk da zafin wannan rabuwa, babu ɓangaren da ya ce Kalman ya daina cika duniya sa'ad da ya ɗauki jiki. Kirilus na Iskandariya, wanda ya fi kowa nanata haɗuwar ɗabi'un, ya yarda da haka, kamar yadda malaman Antakiya da yake jayayya da su suka yarda. Wajen 781, a zauren Halifa Mahadi na Abbasiyawa a Bagadaza, Timoti na Ɗaya, shugaban Ikilisiyar Gabas, ya ba da irin wannan amsa: maganar sarki takan shiga takarda ta tafi nesa, ba tare da ta rabu da zuciyar sarkin ba. A Turai ta Yamma kuwa, Bitrus Lombard, wanda ya rasu a 1160 kuma littafinsa ya zama abin karantarwa a jami'o'i na ƙarnuka, ya taƙaita batun da cewa Almasihu cikakkensa yana ko'ina, amma ba duk abin da ke gare shi ne ke ko'ina ba, yana nufin jikinsa.

Ke nan har zuwa farkon ƙarni na 16, cewa Kalman yana cikin jiki gaba ɗaya kuma yana wajensa gaba ɗaya gado ne na kowa, ba shi da sunan wata ƙungiya.

3.0 Teburin Marburg

Rikicin ya taso ne daga wata ƙofa dabam, wato Jibin Ubangiji. Luther a Wittenberg da Huldrych Zwingli a Zurich duk sun yi watsi da koyarwar Katolika cewa gurasa takan rikiɗe ta zama jikin Almasihu. Sai dai Luther ya tsaya a kan cewa jikin yana nan da gaske tare da gurasar, domin Yesu ya kira ta jikinsa a daren da aka bashe shi. Zwingli ya ce wannan salon magana ne, gurasar alama ce. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta wuri: Almasihu ya hau sama da jikinsa, yana zaune a hannun dama na Uba, jiki kuwa ba ya zama a wurare biyu a lokaci guda, balle a kan dubban tebura. Ya kafa hujja da wasiƙar Agustin zuwa ga Dardanus.

Luther ya amsa a rubuce-rubucensa na 1527 da 1528. Ya ce hannun dama na Allah ba kujera ba ce a wani lungu na sama, ikonsa ne, ikon nan kuwa yana ko'ina. Tunda allahntaka da mutuntaka sun haɗu a cikin Almasihu guda haɗuwar da ba ta warwarewa, duk inda aka sami ɗaya dole a sami ɗayar. A littafinsa na 1528 ya aro rabe-raben malaman jami'a na ƙarshen zamanin tsakiya, ya ce abu yana iya kasancewa a wuri ta hanyoyi uku: yadda jiki yake cika gurbi gwargwadon girmansa, yadda ruhu ko mala'ika yake kasancewa a wuri ba tare da cika gurbi ba, da kuma yadda Allah yake cika kome. Ya ce jikin Almasihu yana da rabo a dukan ukun. Wannan shi ne sabon abu a tarihin mas'alar. Magabata sun ce Kalman yana ko'ina, Luther ya ƙara da cewa jikin da ya ɗauka ma yana ko'ina.

Kuskure ne a ɗauka cewa taurin kai ne kawai ya kai Luther ga wannan matsayi. Damuwarsa ta rayuwa ita ce inda mai zunubi zai sami Allah mai jinƙai. Allah a cikin tsantsar ɗaukakarsa abin tsoro ne a wurinsa. A cikin mutumin da aka haifa kuma aka gicciye ne kaɗai ya ga rahama. Idan aka ce akwai wani wuri da Ɗan Allah yake ba tare da mutuntakarsa ba, to a wannan wuri babu tabbacin rahama. Zwingli shi ma yana da tasa damuwar. Yana tsoron kada a jingina wa halitta abin da yake na Mahalicci, a koma ga bautar gurasa. Ya kuma ga cewa jikin da yake ko'ina ya daina zama jiki irin na 'yan Adam, wanda kuwa ba irinsu ba ne ba zai tsaya a madadinsu ba.

A watan Afrilun 1529 majalisar daula da ta zauna a Speyer ta janye sassaucin da aka yi wa masu gyaran addini, wasu sarakuna da birane suka rubuta ƙin amincewa, daga nan sunan Furotesta ya samo asali. Basarake Philip na Hesse ya ga cewa sai an haɗa kai za a iya tsayawa a gaban Sarkin Daula Charles na Biyar, don haka ya tara malaman ɓangarorin biyu a fadarsa ta Marburg daga 1 zuwa 4 ga Oktoba. Luther ya zo da Philipp Melanchthon, Zwingli ya zo da Oecolampadius na Basel. Luther ya rubuta kalmomin Yesu kan gurasa da alli a kan tebur, ya ce ba zai gusa daga kansu ba. An tashi da sharuɗɗa goma sha biyar, an daidaita a kan goma sha huɗu da yawancin na ƙarshe, aka bar batun kasancewar jikin a cikin gurasa a buɗe. Ƙawancen da Philip ya nema bai samu ba. Bayan shekara biyu Zwingli ya mutu a fagen yaƙi a Kappel.

4.0 Yadda Aƙida ta Zama Iyakar Ƙasa

John Calvin na Janeba ya nemi hanya tsakanin biyun. Ya yarda cewa mai bi yana tarayya da jikin Almasihu da gaske a wurin Jibi, amma ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ke haɗa shi da Almasihun da ke sama, jikin bai sauko cikin gurasa ba. A bugun 1559 na babban littafinsa na koyarwar addinin Kirista, a littafi na biyu babi na 13 da littafi na huɗu babi na 17, ya maimaita matsayin magabata cewa Ɗan Allah ya zo duniya ba tare da barin sama ba, har ma ya ambaci rabewar Lombard don ƙarfafa hujjarsa. Bai gabatar da wannan a matsayin nasa ba, kuma bai ba shi fili mai yawa ba. A 1549 ya ƙulla yarjejeniya da Heinrich Bullinger, magajin Zwingli a Zurich. Wannan ya fusata Joachim Westphal, limamin Lutheran a Hamburg, wanda ya soma kai masa hari a rubuce daga 1552.

Abin da ya sauya nauyin muhawarar shi ne Sulhun Augsburg na 1555. Wannan doka ta amince da addinai biyu kacal a cikin daula: Katolika da masu bin Shahadar Augsburg ta 1530. Kowane basarake yana da ikon zaɓar ɗaya wa ƙasarsa. Wanda aka tabbatar ya fita daga Shahadar Augsburg ya fita daga kariyar doka. Daga wannan lokaci tambayar inda jikin Almasihu yake ta shafi sarauta da dukiyar ikilisiya da abincin dubban limamai.

A ƙasar Württemberg, Johannes Brenz ya ja ra'ayin Luther zuwa iyakarsa. Taron malamai na Stuttgart a Disambar 1559 ya mayar da kasancewar jikin Almasihu a ko'ina aƙidar hukuma, a 1561 kuma Brenz ya wallafa littafi kan haɗuwar ɗabi'un biyu, inda ya ce mutuntakar Almasihu ta sami siffofin ɗaukaka tun daga lokacin da aka ɗauki cikinsa. Melanchthon, abokin Luther mafi kusa, bai yarda da wannan ba har ya rasu a 1560. Peter Martyr Vermigli ya mayar wa Brenz martani daga Zurich a 1561.

A maƙwabciyar ƙasa ta Palatinate, rikici ya kai ga wasu limamai biyu na Heidelberg, Heshusius da Klebitz, suka yi rigima a gaban jama'a a kan ƙoƙon Jibi a 1559. Basarake Frederick na Uku ya sallame su duka, ya karkata ga ra'ayin Calvin, ya sa aka rubuta Katekizim na Heidelberg a 1563, wanda Zacharias Ursinus ya fi kowa hannu a ciki. Tambaya ta 47 da ta 48 sun koyar da yara cewa Almasihu ba ya duniya ta fuskar mutuntakarsa, amma allahntakarsa, da yake babu abin da ke iyakance ta, tana wajen mutuntakar da ta ɗauka kuma tana cikinta ba tare da rabuwa ba. An yi zama a gidan ibada na Maulbronn a Afrilun 1564 tsakanin malaman Heidelberg da na Württemberg ƙarƙashin Jakob Andreae, aka tashi baram-baram. A 1566 sai da Frederick ya kare kansa a gaban Sarkin Daula Maximilian na Biyu a majalisar Augsburg, inda wasu suka nemi a cire shi daga sulhun.

Mabiya Luther su ma ba su kasance baki ɗaya ba. Martin Chemnitz, a littafinsa na 1570 kan ɗabi'un biyu, ya sassauta matsayin Brenz: Almasihu yana iya kasancewa da jikinsa duk inda ya so, kuma ya yi alkawarin kasancewa a Jibi da cikin ikilisiyarsa, wannan ya wadatar. Daftarin Daidaito na 1577, musamman sashe na 7 da na 8, ya haɗa lafazin Brenz da na Chemnitz ba tare da warware bambancinsu ba. Limamai da malamai fiye da 8,000 suka sa hannu. Lokacin da aka buga Littafin Daidaito a 1580, an liƙa masa jerin maganganun magabata da Andreae da Chemnitz suka tattara, domin su nuna cewa su ma suna da tushe, musamman a koyarwar Kirilus cewa naman Almasihu mai rayarwa ne. Zaman da aka yi a Montbéliard a 1586 tsakanin Andreae da Theodore Beza, magajin Calvin, ya ƙare ba tare da sulhu ba.

Mutane sun ɗanɗana kuɗar wannan saɓani a jikinsu. A Saxony an zargi almajiran Melanchthon da bin Calvin a ɓoye. Caspar Peucer, surukin Melanchthon kuma likitan basarake August, ya shiga kurkuku a 1574, bai fito ba sai 1586. Nikolaus Krell, wazirin Saxony da ya sake karkata ƙasar ga ra'ayin Calvin, an kama shi a 1591 bayan rasuwar ubangidansa, aka fille masa kai a Dresden a 1601. Ba za a ce aƙida kaɗai ta kashe Krell ba, domin manyan masu sarauta na ƙasar sun riƙe shi da gaba kan rage musu iko, amma da sunan aƙida aka tara masa maƙiya. Mabiya Calvin ba su sami amincewar dokar daula ba sai a Sulhun Westphalia na 1648.

5.0 Asalin Sunan

Bambancin da Daftarin Daidaito ya lulluɓe ya sake ɓullowa tun daga wajen 1616, a wannan karo tsakanin jami'o'in Lutheran biyu. Dukansu sun yarda cewa mutuntakar Almasihu ta mallaki siffofin allahntaka, har da kasancewa a ko'ina. Tambayar ita ce abin da ya yi da su a shekarun rayuwarsa ta duniya. Malaman Giessen, Balthasar Mentzer da Justus Feuerborn, suka ce ya janye daga amfani da su, sai jefi-jefi a lokacin mu'ujiza. Malaman Tübingen, ciki har da Theodor Thumm da Lucas Osiander ƙarami, suka ce ya ci gaba da amfani da su a ɓoye, wato ko a kan gicciye yana mulkin duniya ta mutuntakarsa. Mutanen Tübingen sun ga cewa matsayin Giessen yana nufin akwai lokacin da Kalman ya mulki duniya ba ta jikinsa ba, wato a wajen jiki, kuma wannan shi ne abin da mabiya Calvin ke faɗa. A cikin wannan zargi ne, a rubuce-rubucen shekarun 1620, lafazin Latin na extra Calvinisticum ya bayyana, ma'anarsa "wajen nan na 'yan Calvin". Malaman Saxony sun yanke hukunci a 1624 wanda ya fi karkata ga Giessen, Yaƙin Shekara Talatin kuma ya shagaltar da mutane daga muhawarar.

Hausawa kan ce suna linzami ne. Wannan suna ya ja masu karatu na ƙarnuka zuwa ga zaton cewa ra'ayin ƙirƙirar Janeba ne. A 1966 E. David Willis ya wallafa nazari kan koyarwar Calvin game da Almasihu, inda ya bi tarihin lafazin, ya nuna cewa abin da yake nuni gare shi yana nan a rubutun Atanasiyus da Agustin da malaman zamanin tsakiya, ya kuma ba da shawarar a jingina shi ga magabata ko ga ikilisiya baki ɗaya. Wannan gyara yana da muhimmanci, amma yana da iyaka. Magabata sun furta ra'ayin ne suna amsa wa masu cewa Allah ba zai iya zama mutum ba. Mabiya Calvin sun furta shi suna amsa wa 'yan'uwansu Furotesta kan abin da ke cikin gurasa. Jimlar ɗaya ce, aikin da aka sa ta ya bambanta.

6.0 Daga Ƙarni na 19 zuwa Yau

A ƙarni na 19 bincike kan rayuwar Yesu ta tarihi ya sa malamai suka mai da hankali ga gajiyarsa da girmansa cikin ilimi da abin da Linjila ta ce bai sani ba. Gottfried Thomasius na jami'ar Erlangen, wanda ɗan Lutheran ne, ya riƙe ƙa'idar Luther cewa babu Kalma a wajen jiki, amma ya juya ta. A littafinsa da ya fito daga 1853 zuwa 1861, ya dogara ga sura ta 2 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, ya ce Kalman ya ajiye siffofin da suka shafi alaƙarsa da duniya, wato iko a kan kome da sanin kome da kasancewa a ko'ina, ya riƙe tsarki da ƙauna da gaskiya. Brenz ya faɗaɗa jiki ya kai girman allahntaka, Thomasius ya taƙaita allahntaka ta dawo girman jiki. Masu suka ba su ɓata lokaci ba. William Temple, wanda daga baya ya zama Akbishop na Canterbury, ya tambaya a littafinsa na 1924 wa ke riƙe da duniya a shekarun da Kalman ya ajiye ikonsa. Ita ce dai tambayar Volusianus, ta dawo bayan shekara dubu ɗaya da ɗari biyar, a wannan karo daga bakin bishop.

Ta fuskar zaman tare kuwa, Sarkin Prussia Frederick William na Uku ya haɗa ikilisiyoyin biyu da ikon sarauta daga 1817, abin da ya sa wasu 'yan Lutheran suka yi hijira zuwa Amurka da Ostareliya a ƙarshen shekarun 1830. Sulhu na son rai ya zo a 1973, a Leuenberg kusa da Basel, inda ikilisiyoyin Turai na ɓangarorin biyu suka amince cewa tsinuwar ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar abokan zamansu ta yau ba, suka buɗe wa juna teburin Jibi. Yarjejeniyar ba ta ce wani ɓangare ya ci nasara ba. Ta karɓi damuwar kowannensu, wato kare haɗin kan Almasihu guda da kare cikar allahntakarsa da mutuntakarsa, a matsayin aikin da ya rage a yi tare.

Magadan ɓangarorin biyu sun haɗu a Arewacin Nijeriya tun kafin wannan sulhu. Reshen Denmark na mishan ɗin SUM ya kafa aiki a Numan a 1913 ta hannun Niels Brønnum, daga nan ikilisiyar Lutheran ta LCCN ta tsiro. Johanna Veenstra, 'yar ikilisiyar da ke bin Katekizim na Heidelberg a Amurka, ta zauna a Lupwe kusa da Takum daga 1921, aikinta ya zama tushen CRCN. A 1955 ikilisiyoyin biyu suna cikin waɗanda suka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, mai suna da Hausa, kuma ɗalibansu suna karatu tare a kwalejin tauhidi ta Bukuru. Ba su da dokar 1555 a kansu, ba kuma wanda zai rasa sarauta saboda tambaya ta 48.

7.0 Kammalawa

Tarihin wannan mas'ala ya nuna matakai uku. A mataki na farko, daga Orijin zuwa Lombard, Kiristoci na Gabas da Yamma sun amsa tambayar da murya ɗaya duk da sauran saɓaninsu: Kalman yana cikin jiki cikakke, yana kuma cika duniya. A mataki na biyu, buƙatar kare kasancewar jikin Almasihu a Jibi ta sa Luther da Brenz suka miƙa siffar kasancewa a ko'ina ga jikin, sai tsohuwar amsa ta koma alamar abokan hamayyarsu, dokar Augsburg kuma ta ɗora wa alamar nauyin kurkuku da takobi. A mataki na uku, sunan da aka raɗa cikin fushi a shekarun 1620 ya zauna a littattafai har aka manta da wanda ya raɗa shi da dalilinsa.

Darasin da ke nan ga mai nazarin tarihin addinai shi ne ya yi hattara da sunayen ƙungiyoyi da na ra'ayoyi, domin da yawansu abokan gaba ne suka sa su, kuma suna nuna lokacin da aka yi faɗa a kan ra'ayi fiye da lokacin da aka haife shi. Akwai kuma fagen bincike da ke jiran masana Hausa: yadda masu fassara katekizim da waƙoƙin ibada na ikilisiyoyin Lutheran da na mabiya Calvin suka zaɓi kalmomin "jiki" da "ɗabi'a" da "kasancewa", a cikin harshen da tauhidin Musulunci ya riga ya ba kalmomin siffofin Allah ma'anoni tabbatattu.